Yaya za mu riƙe likitan da aka kawo mana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwamitin asibitin garinmu ne, tafiyar kusan awa biyu daga birnin Sakkwato. Mun daɗe ba mu da likita mazauni, sai watanni huɗu da suka wuce aka turo mana wani yaro ɗan jiharmu da ya yi karatu a Yukren, ya gama kafin yaƙin 2022. Yana da haƙuri da ƙoƙari, amma mutane sun sa masa suna "likitan takarda", wai bai san cutar ƙasa ba. Wasu ma sai sun leƙa sun ga ba ya nan suke shigowa wajen tsohon ma'aikacinmu. Shekaranjiya na tarar da shi da dare zaune a kan benci yana rubutu da fitilar waya, ya ce mini, "Baba, na fara tunanin neman canji." Me ya kamata mu yi?

Likita a birni: Wa alaikumus salam Baba. A fara da kashe maganar "likitan takarda". Duk wanda ya karanto likitanci a waje, Sudan ne ko Masar ko Yukren, ba ya taɓa majinyaci sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, kuma ba jarrabawar wasa ba ce, da yawa sai sun maimaita. Bayan nan ya yi shekara guda ta horo ƙarƙashin manya, ya zaga ɓangaren yara, haihuwa, tiyata da na manya. Abin da ke ƙaranta masa shi ne sabawa da cututtukan nan. A Yukren ba zai cika ganin yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana suma ba, ko sikila, ko tamowa, ko sanƙarau na lokacin zafi. Ku nema masa babban likita guda, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwararru, wanda zai iya kira ko ƙarfe biyun dare ba tare da jin kunya ba. Ni ma da na yi zaman ƙauye, kaɗaici ya fi aikin gajiyar da ni.

Ungozoma mai ritaya: Alhaji, ni ta wajen ma'aikata nika kallon abin. Mu da munka tsufa cikin aikin ga muna da laifi. Yaro ya zo da digiri daga Turai, sai mu naɗe hannu mu ce bari mu gani. Ka samu tsohon ma'aikacin nan naku kai da shi, ka ce mishi yaron ga amana ne a hannunai. In an girmama shi, shi da kainai zai riƙa tura mutane ɗakin likita. Sannan ya zauna da shi ya koya mishi maganar mutanenmu. Tsohuwa za ta ce "rana ta ka damu na", ko "zahi ne", ko "iska sunka taɓa ta", alhali mai ciki ce ta fara jijjiga, allurar magnesium take buƙata nan take. Wanga ba a koyar da shi a aji.

Wani ɗan uwa: Gaskiya ni dai ina ganin ku bar wahalar da kanku. Da ya samu hanya Saudiyya zai tafi, haka suke yi.

Ungozoma mai ritaya: To ɗana, ko shekara biyu yay yi, mata nawa za su haihu lafiya a hannunai? Sai mu kore shi tun yau don zai tafi gobe?

Malamin makaranta: Baba, ina yake kwana? Wannan nake son ji. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ake haura digiri 40, mutum ya wuni yana duba majinyata ya koma ɗaki ba fanka ba ruwa, ko ɗan garin ne zai gudu. Ku tara kuɗi ku sa masa sola, ko mai ɗaukar fanka da ƙwai biyu ce, a ɗakinsa da ɗakin haihuwa. Ku roƙi liman ya yi magana ranar Juma'a, hakimi kuma ya zo awon jini wajensa da rana tsaka kowa na gani. Kuma don Allah a daina buga masa ƙofa da dare saboda ciwon kai na kwana uku.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, ka taɓo inda yake ciwo. A wani ɗaki yake kwana bayan ɗakin ajiyar magani, tagar ma buhu aka toshe ta da shi, kuma wallahi ban taɓa tambayar wa ke kai masa abinci ba. Gobe kasuwarmu ke ci, zan tara 'yan kwamiti bayan la'asar. Likita, zan yi maka magana ta akwatin saƙo kan babban likitan da za a haɗa su. Hajiya, tsohon namu surukina ne, shi ne ma nake jin nauyin tunkara, amma yau da dare zan je gidansa.