Sifirin baya na tsohuwar akori-kura: wane suna za mu ba shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa yaran gareji bayanin yadda ake sauya sifirin baya na tsohuwar Peugeot 404 akori-kura, sai suna ya tsayar da ni. Motar nan sifirin iri biyu gare ta. Na gaba naɗaɗɗe ne, ya zagaye shakazoba. Na baya kuwa dogayen ƙarafa ne masu faɗi, wani kan wani, na sama ya fi tsawo, suna raguwa har ƙasa. Shi Turawa ke kira leaf spring. Mu kuma duka biyun sifirin muke cewa. A gareji da sauƙi, da hannu ake nuni. To a rubuce fa? Ko a waya, kana Funtuwa mai kaya yana kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano?

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Kada dai wani ya ce mana "sifirin ganye". Duk wanda ya taɓa cicciɓar abin nan ya san ba shi da haɗi da ganye. Ni na fi son "sifirin baka", don a lanƙwashe yake, a danna shi ya miƙe, a sake shi ya koma. Kuma ya girmi mota nesa ba kusa ba. Tun 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar irinsa a Landan, kekunan doki aka fara sa wa.

Tsohon bakanike: Allah ya gafarta Malam, baka ba za ta yi ba. Wanda ake kawo mana gyara ai ya riga ya kwanta, ba sauran lanƙwasa, shi ya sa gindin motar ya zauna. Ga yaran yanzu ba sa bambanta k da ƙ a waya, mai kaya zai zaci baƙin fenti kake nema. Babbar matsalar ma ita ce ƙirga. Direba ba ya zuwa ya ce sifirin ya mutu gaba ɗaya. Cewa yake na biyu ya karye, ko na uku ya tsage, ko a ƙara masa ɗaya don buhunan masara. Sunan da ba a iya cewa ɗaya, biyu, uku da shi ba zai shiga gareji ba. Mu tun muna yara, lokacin da Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a 1975, "men lif" muka taras ana ce wa na saman, "santa bol" ƙarfen da ya ɗinke su a tsakiya, "yu-bol" masu riƙe aksul, wato ƙarfen da tayoyin baya ke jiki. Sauran ba su da suna.

Direba daga Maraɗi: Gaisuwa Baba. Mu nan motar "bashe" muke ce mata, ƙarfen kuma "lam", daga Faransanci, wato ruwan wuƙa. Babban na sama su ce lame maîtresse, kamar a ce uwargidan sauran. Lam tana ƙirguwa, amma na san ba za ku ɗauka ba, yadda mu ma men lif ba ta zauna mana a baki.

Mai tambaya: To Baba, falle fa? Muna cewa fallen kwano, fallen takarda, fallen zane. Abu mai faɗi guda ɗaya da aka zaro daga cikin 'yan uwansa. Sai mu ce "sifirin falle" da "sifirin naɗi". Na saman kuma mu ari ta mutanen Maraɗi, mu ce "uwar falle".

Malamin makaranta: Na janye bakata. Sai dai nahawu zai so "sifirin mai falle-falle".

Tsohon bakanike: Malam, kafin ka gama faɗin wannan katin waya ya ƙare. Bari in gwada ta yaron nan a bakin aiki, in ta yi tuntuɓe mu ji.

Ka sa dutse a tayoyin gaba. Ka ɗaga mota, ka tokare shasi da abu mai ƙarfi, ba aksul ba, kuma kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Jak ɗin ka mayar da shi ƙarƙashin aksul ya ɗauki nauyinsa. Notocin tsohuwar mota tsatsa ta cinye su, tun daren jiya ya kamata su sha mai. Ka kwance shakazoba daga ƙasa, ka kwance yu-bol, sannan kusoshin da suka ratsa zobban uwar falle, na gaba da na baya. Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don aksul ya samu abin da ke riƙe da shi, kai ma ka samu abin dubawa in ka manta yadda aka jera.

Wajen mayarwa a nan yara ke ɓata aiki. Santa bol ɗin da ya ɗinke fallayen yana da kai, kan nan dole ya faɗa cikin raminsa a mazaunin aksul. In bai zauna ba, ko ya guntule, aksul zai goce, ka ga mota tana tafiya a karkace, taya na cinyewa gefe guda. Ka duba ma, ba kowane sifirin ba ne santa bol ɗinsa ke daidai tsakiya, akwai wanda ɓangaren gaba ya fi gajarta, in ka juya shi taya ba za ta zauna tsakiyar madigadi ba. Yu-bol sabo ake sawa, tsohon ya riga ya miƙe. Kusoshin zobe kuwa kada ka ɗaure su tamau mota na sama. Sauke ta, nauyinta ya hau, ka girgiza ta, sannan ka ɗaure, in ba haka ba robar bushin da ke cikin zoben za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Hagu da dama tare ake sauyawa. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da ita a dawo a ƙara ɗaure yu-bol, don sabbin fallaye sai sun zauna.

To, uwar falle, falle na biyu, fallaye. Ba ta sarƙe ni ba. Na karɓa.

Maƙeri: Ni ma in sa baki, tunda wurinmu suke ƙarewa. Falle in ya karye kada a kai wa mai walda. Wuta tana kashe taurin ƙarfen, gefen ɗinkin zai sake ɓallewa, kuma da kaya a kai zai yi. A kawo mana shi. Adda da gatarin da aka ƙera da fallen sifirin suna riƙe kaifi, manoma da kansu suke tambaya.

Mai tambaya: Madalla. Saura abu ɗaya, Baba. Ɗan ƙarfen nan na ƙarshen baya da uwar falle ke rataye a jiki, mai kai da komo don sifirin ya samu wurin miƙewa in an yi lodi. Malam ya turo mini cewa a kira shi "lilo".

Tsohon bakanike: Wannan a bar shi shakul, ɗana. Daga kasuwar Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa kowa ya san shi da haka, kuma babu wani abu a jikin motar da ke takara da shi a sunan.

Direba daga Maraɗi: Ban da mu, Baba. Ka ce shakul a Maraɗi sai an tambaye ka me kake nufi. Ni ina bayan lilo.