In karɓi ɗarikar da Baba ya rasu a kanta?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata 2 kenan da rasuwar Baba, ɗan Tijjaniyya ne tun kafin a haife ni. Abin da ya tsaya min a rai, ranar jana'iza mutanen zawiyarsu, wato inda suke taruwa zikiri, su ne suka yi komai, likkafani, haƙan kabari, har buhun gero suka sauke mana, wani tsoho da ban taɓa gani ba ya taso tun daga Marwa ya kwana 3 a zaurenmu yana hawaye kamar shi aka yi wa mutuwa. Yanzu carbin Baba yana hannuna, Kawu na cewa in je wurin muƙaddami, mai ba da izinin shiga ɗarikar, in karɓa, abokaina kuma wai abin tsofaffi ne. Don Allah meye asalin abin nan, kuma me mutum ke samu a ciki?

Malamin allo, Ngaundare:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, abin ba na jiya ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa Baƙadire ne, kuma daga hannunsa Modibbo Adama ya karɓo tuta, to ka ga lamidonninmu na nan arewacin Kamaru da Ƙadiriyya suka fara. Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani ce, wanda ya rasu a Fas ta Maroko a 1815. Alhaji Umaru Futi ya zauna Sakkwato da ita zamanin Muhammadu Bello, amma yaɗuwar da kake gani yau sai bayan da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta Senegal ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937, fatake da almajirai suka yi ta kai ta gari gari. Sai dai ka sani alkawari ne, lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga wazifa, zikirin da ake yi a jam'i, kullum, ga zikirin Juma'a bayan la'asar, kuma in ka ɗauka ba a ajiyewa.

Direba, Kuseri:
Ni ba malami bane amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Motata ta taɓa mutuwa a Abeshe ta Chadi, kuɗi sun ƙare, Larabcina ba ya kai ni ko'ina, bayan magariba na ji ana Salatul Fatihi a wani ɗan masallaci na shiga na zauna bakin farin ƙyallen nan da 'yan Tijjaniyya ke shimfiɗawa lokacin wazifa, wallahi ana shafawa wani dattijo ya kama hannuna sai gidansa, kwana 9 ina cin tuwonsa bai tambayi ko sunan ubana ba. Shi ya ce min haka kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke ratsa Chadi, daga zawiya zuwa zawiya.

Yar Marwa:
Ƙanena ni gidanmu ba 'yan ɗarika bane, malamanmu ma suna da ja a kan wasu abubuwan, amma zumuncinsu kam ba mai musu. Shawarata kar ka karɓa don kunyar Kawu ko don buhun gero, ka yi karatu tukuna ka tambayi kowane ɓangare.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam, na gode Yaya. Jibi Juma'a zan bi Kawu zawiya in zauna daga baya in saurara, kuma zan nemi lambar tsohon nan na Marwa, ko gaisuwa ban yi masa yadda ya kamata ba.