A Bar Taron Suna, Mai Jego Ta Huta?

Mai cikin wata takwas, unguwar Bolari a Gombe: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana, wadda ta ji haushi ta sha ruwan randa. Ni wannan karon ba zan yi taron suna ba. A raɗa suna da safe, a yanka rago, wanzami ya yi aski, shi ke nan. Taron mata na yamma ba don mai jego ake yin sa ba, ita ce ma ta fi kowa jin jiki. A haihuwata ta biyu da ɗinki a jikina aka zaunar da ni kan kujerar roba tun azahar, an kafa min gwaggwaro, an dama min fuska da hoda, sau uku ina sake kaya saboda hoto. Kwana bakwai da haihuwa fa. Kafin magariba ƙafata ta ƙi shiga takalmi, yarinya kuwa tun la'asar ban sa ta a ido ba, tana yawo daga wannan cinya zuwa waccan.

Uwar biyar, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sunan mutum nawa kika je a unguwar nan? Turmi nawa kika kai, sabulu sinƙi nawa? Biki ai adashi ne, kin yi zubi shekara da shekaru, ranar kwasarki ta zo ki ce kin fasa? Sabulu da omon da na tara a sunan na biyar sai da suka kai ni yaron ya fara zama. Kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Innarki ma ta yi zubi a gidajen mutane, da sunan jikanta take jiran a rama mata.

Mai wata takwas, Bolari: Adda, mai niyyar rama biki ba ta san hanyar gidana ba ne sai an kafa rumfa?

Uwar biyar, Jekadafari: Ta sani. Amma ɗan Adam sai da ido. Abin da za ta miƙa gaban mutane daban, wanda za ta aiko yaro da shi a baƙar leda daban.

Cikin fari, Pantami: Ni dai ina karantawa ina sha'awarku, masu ta cewa. Ni da ko maganar cikin ban iya yi gaban Hajiyarsu, in ta shigo sai na ja mayafi na rufe, ta yaya zan buɗe baki in ce ban son taro? Tun cikin yana wata biyar ta fitar da anko. Kala biyu.

Malamar Islamiyya, Kumbiya-kumbiya: Mu raba abu biyu tukuna, don kada a jingina wa addini abin da bai ce ba. Abin da ya zo a rana ta bakwai shi ne yanka, da aski, da suna, da sadakar nauyin gashin na azurfa ko zinariya. A mazhabar Malikiyya da muke bi dabba ɗaya ta isa, namiji ne ko mace. Kuma idan an haihu bayan fitowar alfijir ba a lissafa wannan ranar, shi ya sa wanda aka haifa Talata da rana sai Talata ta zagayo ake sunansa. Abin da zai ba ku mamaki, a littafin Muhtasar na Shehu Halil an karhanta a mayar da naman yankan walima da za a tara mutane a kanta. A ci a gida, a aika wa maƙwabta, a ba mabuƙata. To rumfa da kujeru da mai kiɗa al'ada ce. Ban ce haramun ba, kada a je a ce na ce. Amma wadda ta bari ba ta bar sunna ba.

Mai sayar da masa, Herwagana: Malama, a hankali dai, kina taɓa min tukunya. Rabin cinikina na suna ne. Amma tsakani da Allah, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ina ganin abin da ido ba ya so. Maigida zai zo da daddare yana ƙasa da murya, a yi masa masa da miyar taushe bashi, bayan ya riga ya ci bashin rago, ga kauri, ga kayan fitar suna. Wata biyu ina bin kuɗina. Ita kuma mai jegon da ya kamata a ce kullum da nama a kwanonta, sati biyu bayan suna ta koma tuwo da miyar kuka tsura. Ni ma watan gobe zan haihu, kuma na gaya wa nawa, kuɗin rumfa ya saya min kaji.

Ma'aikaciyar jinya, mai cikin wata shida: Bari in sa baki ta inda na sani. Mutane sun ɗauka da an sauka lafiya an tsallake. Ba haka ba ne. Hawan jini na iya tashi bayan haihuwa, har jijjiga, a cikin wannan makon na farko da ake ta shirin girki. Alamarsa ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska. To ranar suna wace mai jego ce ba ta ciwon kai? Sai a ce gajiya ce, a ba ta Panadol, a ce daure ki fito baƙi na jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, sannan rana ta uku, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a sati shida. Ku gaya min gaskiya, mu nawa muka koma awon nan na tsakiya? Lokacin ana wajen lalle da kitso.

Jaririn kuma shi ya fi ba ni tausayi. Cibiya ba ta gama warkewa ba, allurar da ya samu ta ranar haihuwa ce kawai, sauran sai sati shida. A ɗauke shi a miƙa wa mai tari, mai mura ta sumbace shi, a turnuƙe ɗaki da turaren wuta. Ga kayan da aka ciro daga akwati suna warin kafur, wanda yake tayar wa wasu jarirai da shawara mai tsanani. Shawarar ma a hasken rana ake gane ta, a ido da fata, ba a ɗakin da aka saki labule aka cika da mata talatin ba.

Uwar biyar, Jekadafari: Mu da aka yi wa taro da kalangu, iyayenmu aka yi musu, ga mu nan da ranmu.

Ma'aikaciyar jinya, wata shida: Adda, waɗanda suka rayu ne ke ba da labari.

Mai ciki na uku, Nasarawo: Ku kuna ta faɗa da ranar suna, ni abokan faɗana 'yan barka ne. Suna yini ɗaya ne. Barka kuwa kwana shida cur. Ƙarfe bakwai na safe, kin fito daga wankan ganye jiki na rawa, ko mai ba ki shafa ba, kin ji sallama. Ta zauna bakin gadonki, ta shanye kunun da aka dama miki, ta buɗe kular farfesu "in ɗan taɓa albarkacin jariri", sannan ta ce yaron bai yi kama da ubansa ba. Wata har tambayata ta yi ko da kaina na haihu ko yanka ni aka yi, kamar mai binciken laifi.

Mai sayar da masa, Herwagana: Wallahi kunun kanwar mai jego rabinsa cikin 'yan barka yake tafiya.

Ma'aikaciyar jinya, wata shida: Wannan kam su shanye, sun taimake ta. Kanwa gishiri ce, mai hawan jini ba ta da abokiyar gaba kamarta.

'Yar Dukku, zaune a Tumfure: Ni na ɗanɗana abin da kuke nema, kuma ban ji daɗinsa ba. A 2020 na haihu, lokacin korona, aka ce ba taro. Dangina suna Dukku, unguwarmu kowa da katangarsa da get. Aka raɗa suna, maza suka watse kafin ƙarfe takwas, gida ya yi tsit. Na zauna da jariri ina kallon naman da ba mai soyawa, na yi kuka har na gode Allah. Ba kujera nake so ba, ba hoto ba. So nake Yapendo ta shigo tana guɗa, Goggo ta karɓi yaron ta kira shi mijinta. Ranar ce kaɗai ake cewa mace sannu da hannu bibbiyu. Bayanta sai wankin tsumma.

Sannan ki shirya wa baki. Ni da nake da uzurin korona ma sai da aka ce maigidana ya karye. Ke da ba ki da uzuri, cewa za a yi jaririn ne ba lafiya kike ɓoyewa.

Mai wata takwas, Bolari: Wannan ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma duba abin da kika lissafa: Yapendo, Goggo, mai soya nama. Mutum biyar ke nan zuwa goma, waɗanda in sun zo aiki suke kama miki. Ban hana waɗannan ba. Wadda nake gudu ita ce ƙawar ƙanwar kishiyar maƙwabciya, da ta zo da yara huɗu da leda a jaka.

Mai ciki na uku, Nasarawo: To a mayar da shi ranar arba'in mana. An gama wanka, jiki ya dawo, kayan ma sun fi zama.

Uwar biyar, Jekadafari: Ba ki san mutanenmu ba. Za su zo na bakwai, su dawo na arba'in. Kin sayi taro biyu da kuɗinki.

Mai wata takwas, Bolari: Ni dai na gama magana da Abban yara, ya ce in Hajiya ta tambaya shi ne ya hana. Adda, ke kuma na san ba za ki yi fushi ba.

Uwar biyar, Jekadafari: Na yi. Kuma ranar ina nan tafe tun asuba, ki sa kwaɗo a ƙofa in kin isa. Da ganyen darbejiya zan zo, ni zan yi miki wankan. Turmin da kika kawo min kuwa sai kin kafa rumfa za ki gan shi.

Cikin fari, Pantami: Yanzu telar Hajiya ta kira, wai in je awo ranar Alhamis, za ta rage inci huɗu na ciki. Awon asibiti ma Alhamis ne. Wanne zan ce mata na fasa?