BMW 335i tana shan baƙin mai, zafinsa kuma yana hawa a Hawan Kibo

Assalamu alaikum injiniyoyi da masu gyaran motocin Jamus, a taimaka da shawara.

Motar BMW 335i ce ƙirar 2008, injin N54 mai tobo biyu (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji), a Abuja take. Ana yi mata juye duk kilomita 6,000 da baƙin mai 5W-30 mai shaidar amincewar BMW ta Longlife-01, lita 6.5 har da canjin filta. Yanzu tana neman ƙarin lita ɗaya kafin kilomita 1,200. Ga shi ba ta da sandar auna mai, sai abin da na'urarta ta nuna.

An canza gaskit ɗin gidan filta da na murfin inji, ƙasanta a bushe yake. Ruwan lagireto ba ya raguwa. Hayaƙi shuɗi kuwa yana fita daga salansa idan ta daɗe a tsaye injin na aiki sannan aka taka totur. Shi ya sa nake zargin hatimin tobo ko bawul ɗin numfashin inji, domin akwai danshin mai a bututun iska.

A cikin gari zafin man yana tsayawa wajen digiri 110, amma a hanyar Jos, wajen Hawan Kibo, yana kai 130.

Wani makanike ya ce a zuba mai 10W-60, wanda ya fi kauri. Ban gamsu ba, wancan na injin motar BMW M3 ne, kuma kauri ɓoye ciwon zai yi kawai. Shin 5W-40 ya isa, ko sai an ƙara mata babban abin sanyaya mai? Kuma yaya ake bambance matsalar bawul da ta tobo ba tare da an sauke tobon ba?