A-kori-kurata ta daina jan tirela kamar da: in sauya giyar aksil daga 3.55 zuwa 4.10?

Mai-Akori:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ina da a-kori-kura mai injin fetur, giyarta atomatik, kuma fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu. Giyar aksil ɗin baya 3.55 ce. Sau biyu a wata nakan ja tirela ɗauke da ƙaramar tarakta, nauyinsu duka ya kusa tan 3. Sauran kwanakin kuwa empti nake yawo da ita.

Wata huɗu da suka wuce na cire tayoyinta masu inci 32 na sa masu inci 35. Tun daga nan ta canza hali. Da mun fuskanci ɗan hawa sai ta saki babbar giya ta koma ƙasa, ta sake hawa, ta sake sauka, har na fara jin tsoron giyabos ɗin. Lissafina kuma ya nuna shan mai ya ƙaru. Bakanikena ya ce in sa 4.10, amma wani abokina ya ce 4.10 za ta ƙarasa ni wajen sayen mai. Wanne zan bi?

Tsohon Direba:
Wa'alaikumussalam, ɗana. Bari mu fara da ma'anar lambar, don da yawa suna faɗinta ba su san me take nufi ba. In aka ce 3.55, farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil, ita ce ke juyawa sau uku da rabi da ɗoriya kafin taya ta yi juyi ɗaya. Daga haƙoran giya biyun da ke cikin aksil ake samo ta: babba mai haƙori 39, ƙarama mai 11, ka raba ka samu 3.55. In 41 da 10 ne, 4.10 ke nan. Babbar lamba tana ƙara wa taya ƙarfin ja, sai dai inji zai fi juyawa a gudu iri ɗaya.

To kai ka riga ka sauya giyarka ba ka sani ba, ranar da ka sa tayoyin nan. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya. Ka ninka 3.55 da 32, ka raba da 35: za ka ga yanzu motarka tana aiki ne kamar mai 3.25. Shi ya sa ta yi sanyi a hawa. In ka sa 4.10 a kan tayoyin nan, daidai take da kusan 3.75 a kan tsofaffin, wato ka ɗan wuce yadda ta fito daga kamfani kaɗan. Ga mai jan tan 3, ni ban ga ɓarna a nan ba.

Sai maganar mai. A ce babbar giyar giyabos ɗinka 0.70 ce, wato inji na juyi 0.70 a duk juyi ɗaya na farfela, kana gudun kilomita 100 a awa. Da tsofaffin tayoyi inji na juyi kusan 1,620 a minti. Yanzu ya sauko wajen 1,480. Da 4.10 zai koma kusan 1,710. Abokinka yana da gaskiya ta gefe ɗaya: a miƙaƙƙen titi, babu lodi, inji mai juyawa a hankali ya fi tattalin mai. Amma da tirela a baya labari ya sha bamban. Injin da aka danne a ƙasa ba ya iya riƙe babbar giya, kai kuma sai ka ƙara taka totur, giyabos ya sauko da kai giyar da inji zai yi ta ihu fiye da 1,710 ɗin da ake tsoro. Wannan hawa da saukar shi ke ɗumama man giyabos, kuma zafi shi ne babban makashin atomatik. Na ga motocin da aka rasa ta haka, don ana tattalin 'yan litoci.

Bakanike Mai Lissafi:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara abu biyu. Malam Mai-Akori, an gyara maka maleji bayan sauya taya? In ba a gyara ba, yana rage maka kusan kashi 9 cikin ɗari. Yana nuna 100, kai kana kusan 109, kuma kilomitocin da yake ƙirgawa ba su kai waɗanda ka yi ba. Ke nan wani ɓangare na ƙarin shan man da ka gani, lissafi ne ya ruɗe ka. Sauran kuwa gaskiya ne, domin manyan tayoyi sun fi nauyi, sun ɗaga motar ta fi karo da iska.

Na biyu, tunda fowil ce, dole a sauya giyar aksil ɗin gaba da na baya tare. In suka bambanta ka sa fowil a busasshen titi, wani abu zai karye a tsakani. Kuma ka ba wanda yake da ma'aunin saita tazarar haƙora. In aka ɗaura da ka, aksil zai riƙa kuka. Bayan an sa, ka yi kamar kilomita 800 ba tirela, sannan a zubar da man aksil a sa sabo.

Mai-Akori:
Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa kawo maganar maleji a raina ba, ba a taɓa shi ba. To in na sa 4.10, zan iya ƙara lodi ya wuce tan 3?

Tsohon Direba:
A'a, ɗana. Giya tana taimaka maka wajen ja ne kawai. Birkinka, shasi da ƙugiyar tirela suna nan yadda suke, manyan tayoyin ma sun ɗan rage wa birkin kamu. Ka tsaya a iyakar nauyin da ke rubuce a littafin motar. Kafin ka kashe kuɗi ma, ka fara gwada wannan: ranar da za ka ja tarakta, ka danna maɓallin jan lodi in tana da shi, ko ka hana ta shiga babbar giya, ka ga ko za ta natsu. In ta natsu kuma sau biyu ne kawai a wata, ko ka bar ta haka, ko ka mayar da tayoyi masu inci 32, wanda ya fi buɗe aksil biyu sauƙi. In kuma tayoyin nan sun zauna ke nan, sa 4.10 ɗin.