Taƙaitawa: abin da 'yan uwa suka faɗa kan dogaro ga Allah a halin tsoro

Assalamu alaikum. Ga abin da na tattaro daga maganganun 'yan uwa, yawancinsu mutanen Batsari, Jibiya da Safana, inda 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona.

1. Kusan kowa ya yarda jin tsoro ba raunin imani ba ne. Annabi Musa (AS) ma ya fita daga Masar a tsorace, yana roƙon Allah Ya tserar da shi.

2. An yi ta tunatar da mu cewa a Alam Nashrah sau biyu a jere Allah Ya ce tare da tsanani akwai sauƙi. Wasu sun kawo misalin ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020, suka dawo cikin mako guda.

3. Nan aka rabu. Wasu suka ce Alƙunutu da azkar na safe da yamma sun wadatar. Mafi yawa suka ce ba haka Manzon Allah (SAW) ya koyar ba, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Wato a kai rahoto ga jami'an tsaro, a daina tafiyar dare, a san baƙon da ya shigo unguwa. Ni ma nan na fi karkata.

4. Barin ƙauye a koma Katsina: dattawa na ganin kamar gudun ƙaddara ne, matasa suka ce tsira da rai ma umarni ne. Ba a daidaita ba.

5. Iyaye mata sun roƙi kada a tsaya ga cewa "a yi haƙuri". Wanda ya rasa mai gida ko gona, a kai masa hatsi, a ɗauki nauyin karatun marayu.