Zaman jirgin ruwa a Ingila: waɗanda suka gwada ku ba mu labari

Baban Hanifa, Landan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuɗin haya a garin nan ya kai ni maƙura, har na fara kallon siraran jiragen nan da ke jere a Regent's Canal, kanal ɗin nan (haƙaƙƙiyar hanyar ruwa) da ya ratsa Landan, da wani ido daban. An nuna mini wani na ƙarfe mai tsawon ƙafa 57, mai shi yana neman sayarwa. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka zauna a irinsa. Don Allah ku gaya mini gaskiya kan inji, sanyi, ruwa da bayan gida, kafin in zuba ɗan abin da na tara.

Ɗan Zariya, Birmingham

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsawon dai ka dace, ƙafa 57 tana shiga kusan kowane lok (wurin nan mai ƙofofi gaba da baya da ake cika wa ruwa ko a rage don jirgi ya hau ko ya sauka a kanal) a ƙasar nan, har gajerun da ke arewa. Faɗi kuwa duk ɗaya ne, ƙafa 6 da inci 10, kana miƙa hannuwa ka kusa taɓa bango biyu.

Abin da zan fara gaya maka, injin ba na tafiya ba ne kawai. Shi ke cajin batir, a yawancin jirage kuma shi ke ɗumama ruwan wanka. Wanda ya taso da janareta da tankin ruwa a gida ba zai ga baƙon abu ba, bambancin kawai a nan ba wutar da za a dawo da ita. Kuma ƙa'ida ce, in kana tsaye ba ka kunna inji sai tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare.

Nawa ɗan dizal ne mai silinda huɗu. Baƙin mai da filta ina canzawa duk awa 250 na aiki, da hannuna, ba wani abu mai wuya ba ne. Fambel ina latsa shi da yatsa kafin in tayar, domin in ya saki altaneta ba ta caji, kai kuma ba za ka sani ba sai dare ya yi fitilu sun dushe. In an gama tafiya akwai ɗan famfon giris a baya, kana murza shi har ya yi tauri, shi ke hana ruwa bin sandar farfela ya shigo. Ɗigo jefi-jefi ba laifi. In ya zama tsiyaya, a duba.

Aikin da ba wanda ke sa hotonsa shi ne cire shara daga farfela. Za ka ji sitiyari yana rawa a hannunka, inji na ƙugi amma jirgi ba ya gaba. Sai ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe murfin da ke saman farfelar, ka kwanta rub-da-ciki ka zura hannu har kafaɗa cikin ruwan da ba ka ganin komai a ciki. Leda, igiyar kamun kifi, waya, rigar sanyi sukutum, duk na ciro, ina yankawa da wuƙar burodi. A watan Janairu yatsunka kan mutu kafin ka gama. In ka rufe murfin, ka ɗaure shi tam, ka sa giya ka leƙa ko ruwa na fesowa. Jirage sun nutse saboda murfin nan kaɗai.

Maman Sadiq, Milton Keynes

Baban Hanifa, ka kawo Maman Hanifa ta karanta nawa, don ita abin zai fi shafa. Mu muna kan kanal ɗin Grand Union, ina aikin jinya, maigida ke kula da inji.

Ruwa shi ne babban lissafi. Tanki ne a gaban jirgi, in ya ƙare sai kun tuƙa zuwa famfo, kun buɗe da makullin hukumar kanal, kun jira layi. Turawan da ke maƙwabtaka da mu sukan daɗe fiye da mu kafin su koma, mu kuwa ga alwala sau biyar, ga buta. Butar nan kuma ita ke cika akwatin bayan gida da wuri. Akwati ne na roba da ake zarewa a kai wurin zubarwa, mai nauyi in ya cika. Ku sayi na biyu ku ajiye, ba shawara ba ce, dole ce.

Sanyi bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Murhun kwal in ya kama, har taga muke buɗewa, ina ɗora tukunyar miya a kai ta yi ta dahuwa a hankali. Akwai jiragen da ke yawo suna sayar da kwal, gas da dizal, har gefenka za su tsaya. Abin da ya fi damuna raɓa ce. Da safe tagogi sharkaf, ƙarƙashin katifa ya jiƙe, atamfofina da na adana a durowar ƙasa duk suka yi funfuna. Yanzu a jakar da ake zuƙe wa iska nake sa su. Kuma kada sanyi ya sa ku toshe ramukan shan iska. Na'urar gargaɗin iskar guba ta zama wajibi tun 2019, kuma a wurin aikina na san abin da hayaƙin kwal ke yi wa mai barci a ɗaki rufe.

Malam Na Bakin Ruwa

Ƙari kan na Hajiya: alƙibla. Kanal lanƙwashe-lanƙwashe ne, duk inda ka ɗaure jirgi sai ka sake dubawa. Jirgin ƙarfe ne, yana rikita kamfas ɗin waya, don haka a kan gaɓa nake dubawa in sa alama. In alƙibla ta faɗo a kan faɗin jirgin, sujada ta yi wuya, sai in fita waje da darduma.

Abba K., Landan

Yaya, ni na zauna na fita, bari in faɗi nawa ɓangaren. Tunda ka ce Landan, tambaya ta farko ita ce ina za ka ajiye shi. Mazauni na dindindin a tsakiyar gari yana da wuyar samu, kuɗinsa kuma kan cinye rangwamen da kake hange. In ba ka da shi, lasisinka daga hukumar kanal, wato Canal & River Trust na mai yawo ne: ba ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaske, ba kai-komo tsakanin gada biyu ba. Tun Afrilun 2024 masu irin wannan lasisi suna biyan ƙari a kan na masu mazauni.

Ma'anar haka, wannan makon kana kusa da aiki, wata mai zuwa kana can Kogin Lee ko bayan Uxbridge a can gefen yamma na Landan kana neman tashar jirgin ƙasa da asuba. Gudun kanal mil 4 ne a awa in ka ƙure, ga lok a hanya, hutun ƙarshen mako ya tafi ke nan. Ka iso da yamma ka tarar ba wuri, sai ka roƙi wani ka ɗaura a jikin nasa, kana taka rufin baƙo da kayan cefane. Sola tana isa daga bazara har kaka, amma Nuwamba zuwa Janairu kusan ado ce. Mai yarinya 'yar makaranta ya yi tunani sosai.

Ɗan Zariya, Birmingham

Abba ya faɗi gaskiya, Landan daban ce. A nan Midlands, tsakiyar Ingila, akwai sarari.

Na manta dizal. Wanda na saya a hannunsa ya bar tanki rabi duk damina da hunturu, gumi ya taru ya zama ruwa a ƙasa, wani baƙin yauƙi ya tsiro a tsakanin ruwan da man. Ina tsakar tafiya inji ya fara tari ya mutu. Da na kwance filta, kamar an cusa mata majina baƙa. Sai da aka zuƙe tankin aka tace man, na canza filta, na cire iska daga layi har nozul. Tun daga nan tankina a cike yake shiga hunturu.

Anti Bilki, Leeds

Ni nawa kan lok ne. A cikin lok, dab da ƙofar sama, akwai dakalin siminti a ƙarƙashin ruwa, an yi masa farar alama a bango. In kana sauka, ka tsaya gaba da alamar. Na ga jirgin 'yan hutu da gindinsa ya hau dakalin, ruwa na janyewa hancinsa na nitsewa. Allah ya sa wani dattijo ya ruga ya rufe ƙananan ƙofofin da ke fitar da ruwan, aka mayar da ruwa a hankali. A lok ba a riƙe waya, yara kuma da rigar iyo.

Baban Hanifa, Landan

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Hanifa ta karanta, maganar akwati ta sa ta yi shiru. Asabar zan sake zuwa ganin jirgin. Yaya Ɗan Zariya, me zan duba?

Ɗan Zariya, Birmingham

Kada ka ba da ko kwabo sai an fito da shi daga ruwa, mai binciken da kai ka ɗauko ya auna kaurin ƙarfen. Yawancin na zamani an ƙera su da milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a sama, tsatsa kuma rami-rami take ci, musamman daidai bakin ruwa. In ya yi siriri sai walda, kuɗi ne masu yawa. Tambayi yaushe aka shafa masa baƙin fenti na ƙarshe, duk shekara 2 zuwa 3 ake yi, ka kuma ga takardar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4.

Ka ce wa mai shi kada ya tayar da inji kafin ka zo. Ka ɗora hannu a kai ka ji da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Ɗan farin hayaƙi da farko ba komai, shuɗi da ya ƙi ɗaukewa yana shan baƙin mai ke nan. Ɗaga katakon ƙasa na can baya ka haska da tocila ko akwai ruwa kwance. Turo mini hoton injin da na batiran kafin Asabar ɗin.